Tulun Irin Waken Inna

A shekarar da na shiga aji biyar, wata safiyar Laraba bayan an gama roron wake, aka cicciɓi kakata Inna zuwa motar da za ta kai ta asibiti a Gusau, saboda ƙafarta da ta kumbura. Gidanmu na Tsafe ya cika da masu yi mata fatan sauƙi, amma ita hankalinta na kan ƙwarya biyu ta jan wake da ke bakin ɗakinta. Da shi ta zo daga Bungudu tun tana amarya, yana riga kowane wake nuna, kuma duk unguwarmu babu mai irinsa. Ta kamo hannuna ta tagar mota ta ce, "Rabi, kar ki bari waken ga shi kwana bakwai bai shiga toka ba. Kin dai ga yadda nika yi."

Inna ta san lokacin kowane ƙwaro kamar ita ke aiko musu da goron gayyata. Da an kwashe amfanin gona take sa mu toshe ramukan gindin rumbu, don ta san ɓeraye na hanya. Kafin bazara ta kankama mun fitar da gadaje rana, mun bi ƙafafunsu da tafasasshen ruwa saboda kuɗin cizo, takalmi kuma ba a sa shi sai an kakkaɓe, don kunama. Hadarin farko na haɗuwa za ka gan ta tana ƙwanƙwasa azara da sanda, tana neman sawun gara. Mu yara haushi abin yake ba mu, don kullum yaƙi muke da abin da ba mu gani ba.

Ƙanen babana, Baba Sani, ya tarar da ni ina baza waken a kan tsohon kwanon rufi. Ya damƙi kaɗan ya duba, ya yi dariya. "Wanga wake da shike ƙal? Ki bari in ƙwaro ya hito, ga hodar maganin ƙwari na sawo, sai mu zuba." Buhuna huɗu na sauran waken gida haka aka jingine su ana jiran ƙwaro ya fito. Ni kuwa taurin kaina ya motsa. Kwana uku ina gadin waken nan a tsakiyar rana, ina juya shi, ina korar kaji da wata jar akuya marar kunya, ina jiyo ƙawayena suna carafke a zaure. Na bi murhun gidan kaf na kwashe toka, na tankaɗe, na cuɗa da waken har na koma fari fat, yara suka yi ta kirana fatalwa. Na ɗura a tulu, na cika bakinsa da toka, na kifa kasko na liƙe da laka. Wata shida ina kewaya tulun nan, ina tsoron kada a ce a hannuna irin Inna ya ƙare.

Kafin azahar ɗin bazara ta fara ƙona ƙafa, buhunan nan sun ɗau zafi, in ka kara kunne kana jin motsi a ciki. Aka zuba hoda, amma rabin waken ya riga ya zama gari. Inna, wadda ta dawo tana dogara sanda, cewa kawai ta yi, "Ƙwaron ga tun daga gona shike shigowa da ƙwainai. Ran da ka gane shi, ya gama."

Ranar da aka yi ruwan shuka Inna ta sa aka fito da tulun tsakar gida, ta fasa lakar da kanta. Ta sheƙe tokar, ta bi waken da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Babu huda ko ɗaya. Ta dubi babana ta ce, "Daga yau irin gidan ga hannun Rabi shike." Wallahi ko ranar da na karɓi sakamakon jarrabawa ban ji kaina ya yi girma haka ba.

Yanzu a unguwar Damba ta Gusau nake zaune, a gidan siminti, ba a kiran mai feshi sai kyankyaso ya ratsa falo a gaban baƙi. Inna ta daɗe da rasuwa, babu mai ƙwanƙwasa mana azara. Amma duk kaka ƙanena yakan aiko mini da jan wake daga Tsafe, in shanya, in adana, in mayar masa ya shuka idan ruwan farko ya sauka. Har yau irin bai yanke a hannuna ba.