Tabaraun Baba Ya'u

Jama'a, wannan abin da zan ba ku labarinsa a kaina ya faru, wallahi ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun da aka matsa wa masu babur su riƙa sa hular kwano, ina acaɓa a wata tasha a cikin garin Rano, muna ɗaukar fasinja zuwa Kibiya da Rurum da ƙauyukan da ke gefensu. Ni mutum ne mai yawan waswasi, sai in kulle babur in tafi in dawo sau uku in duba ko na kulle, kuma 'yan tasha sun san ni da cewa ba na ƙarya. Wannan shaidar da aka yi mini ita ta jefa ni cikin abin da nake ciki har yau.

A tashar akwai wani dattijo mutumin Rurum, muna ce masa Baba Ya'u, ya girme mu duka. Idonsa ba ya ganin nesa, sai da wani tabarau na asibiti mai kauri, baƙi, wanda ya ɗaure hannunsa ɗaya da zare. Da maganar hula ta zo, mu duk muka sayi wadda muka samu muka kifa a kai don kada a kama mu, shi kuwa ya sha wahala. Ta farko mai rufe haɓa ce, idan ya sa sai ta danne hannun tabarau a gefen kunnensa har ya yi rauni, ga numfashinsa yana sa gilashin ya yi tururi. Ya mayar da ita, ya yi ta gwaji da tabaraun a fuskarsa har ya dace da wata fara mai buɗaɗɗiyar fuska da gilashin da ake saukewa. 'Yan tasha suka mai da shi abin dariya, suna ce masa mai ido huɗu ya ƙara na biyar. Ciyaman ɗinmu kuma ya taɓa gaya masa a gaban kowa cewa ranar da idon ya ƙara lalacewa, ranar zai cire shi daga layi.

Ga yadda layi yake a wurinmu: wanda ke gaba shi ke ɗaukar fasinjan da ya zo, idan ka ƙi sai ka koma baya, kuma sai ka faɗi dalili.

Akwai wani Ɗanliti, saurayi mai baki, shi ne shugaban tsokana. Ya lura cewa idan Baba Ya'u zai yi alwala yakan cire tabarau ya ajiye a cikin hularsa a kan babur. Wata ranar kasuwa da damina, sai Ɗanliti ya sayo tabarau irin na karatu da ake tallarsa a faranti, baƙi mai kauri, har ya naɗa masa zare a hannu kamar na Baba. Da azahar Baba ya ɗauki buta ya zagaya, Ɗanliti ya musanya, ya zo ya cusa mini na gaskiyar a aljihu, ya ce in riƙe don ni ba wanda zai zarga, wai minti biyar kawai a yi dariya a mayar masa. Na so in ƙi, amma mutum shida suna kallona, na san idan na ƙi za a yi wata guda ana ce mini munafuki. Na bar shi a aljihuna.

Baba Ya'u ya idar da salla ya sa tabarau, sai ya tsaya cak. Ya cire ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, ya sake cirewa ya hura masa iska ya goge. Ɗanliti ya ɗaga yatsu daga nesa yana tambayarsa nawa ne, wani ya ce Baba tsufa ne ya zo da rana tsaka, kowa na tuntsira dariya. Dattijon nan bai kula su ba, ya lalubo inda nake zaune, ya miƙo mini tabaraun.

Ya ce, "Ɗana, kai ba ka ƙarya. Duba mini, wannan nawa ne?"

Nasa yana cikin aljihuna, ina jin sa a jikin cinyata. Na ce, "Naka ne, Baba."

Ya ce, "To, Allah ya sa mu dace." Muryarsa ta yi ƙasa, ya waiwaya wajen rumfar da ciyaman yake zaune.

Ana haka sai ga wata mata 'yar ƙauyen Fassi da ƙullin kayanta, kuma Baba ne a gaban layi. Na kalli Ɗanliti, ya kashe mini ido wai in bari ya tashi babur tukuna. Na yi zaton Baba zai ce ba zai je ba, amma idan ya ƙi dole ya faɗi dalili a gaban ciyaman, dalilin kuwa shi ne abincin iyalinsa. Ya sa hula, ya buga babur, ya tafi a hankali. Na miƙe tsaye, bakina a buɗe, wallahi maganar tana kan harshena, har suka sha kwana ban kira shi ba.

Kafin la'asar labari ya zo. Bayan an wuce Kibiya a hanyar Fassi akwai wata kwalbati da ruwa ya cinye gefenta, kowa yana kauce mata ta dama, shi ya bi ta hagu. Kansa bai fashe ba saboda hular, wuyansa ne ya karye. Matar ta rayu amma ƙugunta ya goce, har yanzu da sanda take tafiya. Tabaraun da aka musanya masa ya farfashe a wurin, ba wanda ya duba shi. Mutane suka yi ta cewa tsohon makaho ya kashe kansa ya nakasa matar mutane saboda kwaɗayi, har a wajen zaman makoki na ji ana faɗa a gaban 'ya'yansa. Ɗanliti ya ja ni gefe ya tuna mini cewa ni na ce wa Baba tabaraun nasa ne, kuma a aljihuna abin yake, saboda haka idan magana ta fito ni za a fara kamawa.

Na naɗe tabaraun a leda na riƙa yawo da shi a aljihun ciki. Na kasa jefarwa don kayan wani ne, na kasa mayarwa don tsoro. Barci ya gagare ni, abinci ya daina shiga.

Bayan kamar wata biyu, da hantsi, rana tar, na kai wani mutum ƙauyen Kahu ina dawowa ni kaɗai, sai wani ya tsayar da ni a bakin gona. Yana sanye da farar hular kwano, gilashinta a sauke, ya yi tururi daga ciki har ba a ganin fuska. Abin ya ba ni mamaki, don a ƙauyukanmu fasinja ba ya yawo da hula. Na tambaye shi ina za shi, ya nuna gaba da hannu, ya hau. Babur ya nutse kamar yadda yake yi idan mutum ya hau, ya dafa kafaɗata, hannun da nauyi.

Mun ɗan yi tafiya sai ya ce in riƙa gaya masa abin da ke gabanmu, shi ba ya gani. Da jin muryar sai na tuna da Baba Ya'u, amma na ce wa kaina muryoyi suna kama. Na riƙa faɗa masa: ga gonar dawa, ga shanun Fulani suna tsallakawa, ga wata mata da itace. Kowanne na faɗa sai ya ce to. Ban san lokacin da na bar hanyar gida na kama ta Fassi ba, Allah shi ne shaidata, sai ganin kwalbatin na yi a gabana.

Ya ce, "Nan fa?"

Na ce, "Kwalbati ce, Baba." Ban san na ce Baba ba sai da ta fita.

Ya ce, "Ni ban gan ta ba."

Na taka birki, na zaro ledar na miƙa ta baya ban waiwaya ba, ina cewa ga shi, naka ne, ka yafe mini, Ɗanliti ne, wasa ne. Bai karɓa ba. Sannan ya tura hannuna gaba a hankali.

Ya ce, "Ai ka riga ka gaya mini wanne ne nawa. Wannan riƙe shi, za ka buƙace shi."

Babur ya ɗago. Na juya, babu kowa, ga fili ta ko'ina, dawa ba ta kai tsayin da za ta ɓoye mutum ba. Wani makiyayi yana tsaye da sandarsa a gefen hanya yana kallona, na tambaye shi ina mutumin da na goyo ya bi, ya ce shi ya gan ni tun daga nesa ni kaɗai ina magana, ya ɗauka waya nake yi.

Washegari na tafi Rurum wajen yayan marigayin, wani Alhaji Mamman, na durƙusa na faɗa masa komai, na ajiye tabaraun a gabansa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya sa ni na maimaita maganar a gaban maƙwabta biyu don a daina kiran ƙaninsa mai kwaɗayi, sannan ya tura mini ledar da ƙafa ya ce in ɗauke, ba ya son ganinta a gidansa. Na roƙi yafiya, ya ce ba shi na yi wa ƙarya ba, in je in nemi wanda na yi wa. A tasha kuwa Ɗanliti ya rantse bai san zancen ba, sauran suka mara masa baya, aka ce waswasina ne ya zama taɓin hankali. Ni aka cire daga layi.

Kafin a yi girbi idona ya fara hazo. Ni da nake karanta lambar mota daga nesa, sai na koma ba na gane fuskar mutum sai ya zo kusa. Na je asibitin ido a Kano, aka gwada ni, likita ya yi mamakin yadda abin ya zo farat ɗaya ga mai shekaruna. Ban san abin da ya sa ba, na fito da na Baba Ya'u na ce a duba mini lambarsa. Ma'aikacin ya sa shi a na'ura, ya dubi takardata, ya ce ai ba sai na yi sabo ba, wannan nawa ne, ido biyun duka daidai. Na ce a yi mini sabo duk da haka. Ɗanliti yana nan, idonsa garau, har ya sayi mota.

Na koma acaɓa a wata tashar don ba ni da wata sana'a. Da tabarau ina ganin komai sarai, amma akwai abu ɗaya. An gyara kwalbatin nan tuntuni, mutane sun ce har fenti aka yi mata, ni kuwa duk lokacin da na isa wurin titi nake gani shimfiɗe, babu rami babu kwalbati. Na gwada da tabarau, na gwada babu, na sa hannu na taɓa simintin, idona bai nuna mini shi ba. Yanzu ba na ɗaukar fasinjan Fassi, idan dole ta kama ni in bi, sauka nake yi in tura babur ina lalube da ƙafa.

'Yan'uwana masu babur, wanda idonsa ke da matsala ya je a gwada shi a asibiti, kada ya sayi na faranti. Idan za ka sayi hula ka gwada ta da tabaraunka a fuska, ka juya kai dama da hagu, wadda ta matse shi ko ta ɗaga shi daga hanci ka bar ta, ka nemi mai farin gilashi marar karce, kuma ka ajiye tabarau na biyu a jikinka. Ranar da ka hau ka ga hanya ta yi maka duhu-duhu, ka sauka, ko za a kore ka daga layi. Sannan ina roƙonku don Allah, kada a yi wasa da tabaraun mutum. Idan kuma mai raunin ido ya miƙo maka abu ya ce ka duba masa, ka gaya masa gaskiya tun yana tsaye a gabanka.