Man Kaɗe a Hancin Harsashi

Warin narkakkiyar dalma ne yake fara zuwa mini idan na tuna ranar, gauraye da ƙamshin man kaɗe da na jiƙaƙƙen katako. Wata 'yar rumfa ce a bayan gidan kawuna a unguwar Whalley Range, ƙofarta kullum a buɗe ko ana ruwa, don ya ce hayaƙin dalma ba ya shiri da huhu.

Ina shekara ta biyu a jami'a, ina karatun adabi, ina zaune a unguwar Fallowfield da 'yan mata huɗu da ba su taɓa jin labarin wanke tukunya ba. Duk Litinin da rana nakan hau bas in je cin tuwo wurin Anti, matar Kawu. Shi Kawu injiniyan hanya ne. Ya daɗe yana aiki da council, wato ƙaramar hukuma, sai aka zo rage ma'aikata, aka sallame shi da wasiƙa ɗaya. Abin da ya rage masa shi ne ƙungiyarsu ta masu harbin takarda, inda dattawa ke jeruwa suna huda da'ira daga nesa. Yana da lasisi, bindigar tana kulle a akwatin ƙarfe. Tun da aiki ya tafi ya daina sayen harsashi, ya koma zuba nasa da dalma.

Ranar Asabar ɗin makon za a yi gasar ƙarshe, domin za a sayar da ginin da suke harbi a ciki. Kawu ya ƙudura zai shiga da harsasan da ya zuba da hannunsa.

"Malama marubuciya, zo ki ga abin da ya hana ni cin abinci," in ji shi.

Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai tsawon ɗan yatsa, da kwarmi a bakinsa. Shi ne yake danna harsashi cikin kwanso idan an ja hannun injin haɗa harsashi. Wani tsoho maƙerin bindiga a Birmingham ne ya ƙera masa shi tun da daɗewa, amma don wani irin harsashi dabam. Yanzu kwarmin bai dace da hancin na dalma ba, yana bar masa shaida kamar zobe, yana kuma zaunar da shi a karkace. Dabarar Kawu ita ce a cika kwarmin da gam mai ƙarfi, a danna hancin harsashi ɗaya a ciki, idan ya bushe a zare, sai kwarmin ya ɗauki siffarsa daidai.

Na ce wannan ai kamar ƙwaƙwalwa ce, da take riƙe siffar abin da ya tafi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Riƙe mini cokalin nan."

Yana gama dama gam ɗin Anti ta leƙo ta tagar kicin ta ce ana kiransa a waya, maganar wani interview na neman aiki. Ya miƙe da sauri.

"Gam ɗin ba ya jira. Ga harsashin can a faranti, ki danna hancinsa a ciki, a miƙe, ki bar shi. Shi ke nan."

Na ɗauki harsashin, na ji shi da maiƙo, duk ya dame da wani farin mai har da zanen yatsa. Ni kuwa uwata ta raine ni a kan cewa ba a haɗa abu mai datti da abu mai tsafta. Na fita famfon tsakar gida, na wanke shi da sabulun wanke-wanke, na goge da bakin mayafina har ya yi sheƙi. Na ɗaga shi a haske, na ma samu baiti guda a kansa. Sannan na danna shi cikin gam ɗin, a miƙe sambal, ina jin daɗin kaina.

Washegari na koma don in ga an zare, kuma gaskiya don a yaba mini. Kawu ya ja da yatsa. Ya ja da filaya, harsashin ya ƙi fita. Ya cire tabarau ya mayar.

"'Yar nan, ina man da na shafa masa?"

"Na wanke, Kawu."

"Da ruwa?"

"Da sabulu."

Man kaɗen Anti ne, wanda ake aiko mata daga Kaduna. Yana ɗibarsa a ɓoye don ya hana gam kama dalma. Anti ta jingina da ƙofa tana dariya har da hawaye.

"Yanzu na san inda maina yake tafiya. Ka gode Allah ba ta dirje maka shi da toka ba."

Ni ban yi dariya ba. Ƙarfen ɗaya ne tak, ba a sayar da irinsa, kuma saura kwana huɗu. Kawu ya daɗe yana juya shi a tafin hannu, idonsa na kan tukunyar dalma. Can ya ce babu mai iya raba su sai wanda ya ƙera shi, kuma tunda ni na yi aikin, da ni za a je.

Ranar Laraba muka hau doguwar bas zuwa Birmingham. Na rungume ƙarfen a jakata kamar marar lafiya, ina shirya jawabin ban haƙuri da Turanci mai nauyi. Shagon yana wani lungu mai jan bulo, rabin kayansa an riga an zuba a kwalaye, don tsohon zai rufe. Da tsohon ya ga Kawu, sai ya tsaya cak, sannan ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki. Jawabina bai samu shiga ba. Ya dubi ƙarfen, ya ce bai taɓa ganin ɓarna mai tsafta irin wannan ba, ya shige da shi ciki. Jim kaɗan ya fito da shi fes.

Sun sha shayi har sau uku, ina zaune a kan kwali. Kafin mu tafi tsohon ya sa na sake aikin a gabansa. Kawu ya fito da man kaɗe a gwangwanin alewa, na shafa wa harsashin da kyau, raina yana ƙyama. Tsohon ya sansana man, ya murza a fasassun hannayensa, Kawu ya bar masa gwangwanin.

Wannan karon harsashin ya fita salin alin, kwarmin ya ɗauki siffarsa, zoben ya ɓace. Kawu ya yi gasarsa. Bai zo na ɗaya ba, amma ya kawo takardar gida ya manna a jikin firji, kuma ya ci tuwo malmala biyu.

Na yi shekaru ina ba da labarin gwanintar tsohon nan. Sai bayan na yi aure, muna hira da Anti, ta ce mini wuta kawai ya kara wa ƙarfen, dalmar ta narke, gam ɗin ya ƙone, abin da Kawu zai iya yi a tukunyarsa kafin shayi ya huce. Ashe tsohon ya aiko wa Kawu wasiƙa sau uku ya zo su yi sallama kafin ya rufe shago, kunyar rashin aiki ta hana shi amsa ko ɗaya.