Delu Ba Ta Sauko Ba

Kakata tana da tatsuniya ɗaya da ba ta taɓa kai ta ƙarshe ba, kuma ita muka fi ji a bakinta. Gidanmu yana Sandamu, can gefen gari inda gonaki suka fara. Idan sanyi ya shigo, da an idar da sallar isha'i sai ta sa mu kwaso karan dawa mu tara a tsakar gida, ta kunna, mu jikokinta mu kewaye wutar muna ɓarar gyaɗa. Wutar kara ba ta da haƙuri, yanzu ta tashi yanzu ta kwanta, don haka kullum hannun Kaka yana kan tura mata wani karan. Ni take zaunarwa kusa da ita, wai ni ne angonta. In na yi nisa sai ta ce, "Matso mana, ango. Ko ka samu wata mai haƙora ne a waje?"

Amma kafin ta zauna akwai abin da ba ta fashinsa. Takan zuba tuwo a akushi, ta rufe da faifai, ta ɗora a kan kifaffen turmi a bakin ƙofar ɗakinta. In wani yaro ya kai hannu sai ta ce, "Bari, na baƙo ne." Da safe a yi ɗumamensa a ba mu. Ko ƙaraminmu ya san wane ne baƙon, amma ba mai faɗa.

Babana ne. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, in ya shigo ma sai ta kau da kai. Fataucin dabbobi yake yi, ya sayi shanu a Mai'aduwa ya loda su a babbar mota zuwa kudu. Ina ƙaramin aji a firamare, lokacin da ba a hirar komai a gari sai ta shari'a, ya tsaya a bakin ƙofarta da jakarsa ya ce, "Iya, sai na dawo." Ta dubi bango ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan. Ƙannensa sun bi sawu har inda ƙarfinsu ya ƙare, ba gawa, ba labari. Mahaifiyata ta yi kuka har ta gaji, daga baya ta kai maganar gaban alƙali. Ya yanka mata wa'adi, ta jira ya cika, ta yi takaba, ta yi aure a Zango. Kaka kuwa ko hawaye ɗaya ban gani ba. Uwa ta yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane? Ai abin kunya ne.

To, in ta gyara zama sai ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

Mu ce, "Ta shigo, mun ba ta."

Wai an yi wata yarinya sunanta Delu. Geron ubanta ya yi kai, tsuntsaye suka sa shi gaba. Sai uban ya kafa mata rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi daga rumfar zuwa kowace kusurwa, ya rataya musu fasassun ƙoƙuna. Ya ɗaga ta ya ɗora a sama, ya ce, "Duk tsuntsun da ya sauka ki ja igiya. Kada ki sauko sai kin ji na kira ki." Ya juya ya shiga daji. Jan-baki ya sauka, Delu ta ja igiya, ƙoƙuna suka yi ƙara, ya tashi. Wani ya sauka, ta ja, ya tashi. A nan Kaka take sa ɗan amshinta da siririyar murya: "Tashi, tashi, ba naka ba ne, ni ma ba a kira ni ba." Gero ya nuna, maƙwabta suka girbe, Delu tana sama. Shanun Fulani suka cinye karan, Delu tana sama. Gona ta zama fili fetal, amma in tsuntsu ya sauka sai ta ja igiya.

Daga nan tatsuniyar ba ta ƙara gaba. Wani ya sauka, ta ja, ya tashi. Wani ya sauka, ta ja, ya tashi. Haka Kaka za ta yi ta yi tana tura kara a wuta har kawunanmu su fara rinjaya. Ni da ba na barci da wuri nakan fusata.

"Kaka, to sai yaushe za ta sauko?"

"Sai an kira ta."

"To wa zai kira ta?"

"Kai dai saurara, ango. Wani ya sauka."

A lokacin na ɗauka wayo ne irin na tsofaffi, don mu yi barci ta huta da surutunmu. Sauran tatsuniyoyinta duk takan rufe su, har ta karkaɗe zaninta ta ce ta ƙare. Wannan ce kawai take bari a buɗe.

Na girma, na zama malamin firamare a nan Sandamu, na auri Rabi, muna zaune a gidan tare da Kaka. Idonta ya tafi, ƙafa ta yi nauyi, sai Rabi ta karɓi zuba na baƙo. Ni kuma sai kwaɗayin koyon rubuta manhajar kwamfuta ya kama ni da girmana. Duk Asabar nakan hau acaɓa zuwa Daura, wani shago kusa da kasuwa mai tsofaffin kwamfutoci da janareta mai tari. Mai koyar da mu Chidi ne, ɗan wani mai sayar da kayan gyaran mota. A Daura aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi.

Ran nan ya koya mana abin da ake kira lup, wato ka umarci kwamfuta ta yi ta maimaita abu har sai wani sharaɗi ya cika. Aikin ba wuya. Ka ajiye mata lamba ta fara daga sifili, ka ce muddin lambar ba ta kai goma ba ta rubuta wata magana. Ya ce kowa ya zaɓi maganar da yake so. Ni abin da ya zo mini na sa: Sannu da zuwa. Na danna.

Sai ga shi ya cika allon. Sannu da zuwa, sannu da zuwa, layi yana korar layi, ya wuce goma, ya wuce inda ido zai iya bi. Na daddanna ko'ina, ta ƙi kula ni. Fankar cikinta ta fara huci. 'Yan yaran da ke gefena, waɗanda na isa in koyar, suka fara ƙunshe dariya. Raina ya ɓaci, na ce wannan kwamfutar lalatacciya ce.

Chidi ya zo ya tsaya a bayana. "Malam, ba ruwanta. Abin da ka sa ta take yi." Ya danna maɓallai biyu tare, ta tsaya cak. "Wadda ba ta da mafita, daga waje ake tsayar da ita. Amma wannan ba gyara ba ne. Zauna ka tambayi kanka, me take jira?"

"Lambar ta kai goma."

"To wa zai kai ta?"

Ya ce in sa ta riƙa nuna lambar a kowane zagaye, mu ga abin da take gani. Na sa, na sake dannawa. Sifili. Sifili. Sifili. Ya ce in bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar ni ne ita. Na bi, na sake bi, sai na gane. Na gaya mata abin da za ta jira, na gaya mata abin da za ta yi, amma ban sa layin da zai ƙara wa lambar ɗaya ba. Tana ta aiki, ba ta matsawa. Na ƙara ɗan layin nan, ta yi sannu da zuwa sau goma ta yi shiru.

"Wannan mai sauƙi ne, gyaransa yana ciki," in ji Chidi. "Mai wuyar shi ne in abin da take jira daga waje zai zo, kuma ba ka da tabbas zai zo. Irin wannan dole ka yanka mata wa'adi. In ya cika ba ta samu ba, ta haƙura ta fita."

Da ya ce wa'adi sai na tuna gida. Na ga mahaifiyata a gaban alƙali, na ga akushi a kan turmi, na ga Delu a kan rumfa. Duk tsawon shekarun nan ashe ba barci Kaka take sa mu ba. Abin da kunya ta hana ta faɗa ne take faɗa mana kullum, mu kuma muna cin gyaɗa. Na hau acaɓa na koma gida da zafina, ina jin na gano inda kuskuren yake, saura gyara. Mai sabon ilimi ba abin da ba ya tsammanin zai iya.

Da yamma na kunna mata wutar kara a bakin ɗakinta, na zauna kusa da ita. Na ce ta yi mini Delu. Ta yi dariya, ta ce ango ya tsufa bai bar yarinta ba, amma ta fara. Muryar ta shaƙe, amshin dai yana nan yadda na san shi. Na bari ta kai inda gona ta zama fili, sannan na ce da murya mai kauri, "Delu, sauko haka nan. Gero yana rumbu."

Ta tsaya. Ta juyo da fuskarta wajena, idanun nan farare.

"Kai ka ɗora ta?"

"A'a, Kaka. Amma wanda ya ɗora ta ya daɗe. Da zai dawo da ya—"

"Kul." Ba ta ɗaga murya ba. Ta laluba ta samu kara ta tura a wuta. Can ta ce, "Uwarka an yanka mata wa'adi, na ji, kuma ban ga laifinta ba, Allah ya sani. Tunda ka yi karatu, je ka tambayi alƙalin ko akwai na uwa. In akwai ka zo ka gaya mini."

Ban je ba, don na san amsar. Ana sallamar mata daga miji, ba wanda ya isa ya sallami uwa daga ɗa. Na zauna ina kallon wutar, kunya da baƙin ciki sun cika ni. Ita kuwa ta gyara zama ta ci gaba daga inda na katse ta. Wani ya sauka.

Damina biyu ta ƙara sannan ta rasu, da hantsi, ba ciwon kirki. Da muke ɗauke da ita zuwa makwanci maganar Chidi ce take ta dawo mini, cewa wadda ba ta da mafita daga waje ake tsayar da ita, kuma wannan ba gyara ba ne. Na yi istigfari a kan wannan tunanin, amma ya ƙi barina.

Yanzu ni ma ina koya wa yara abin a makarantarmu. In allon wani ya cika ya ƙi tsayawa, nakan tsaya a bayansa in ce, me take jira, wa zai kawo mata? Nakan ja musu kunne kada su bar kwamfuta tana jiran abin da ba su da tabbas a kansa ba tare da wa'adi ba. Suna ganin na iya. Ba su san ranar da muka binne Kaka, da aka watse daga zaman gaisuwa, Rabi ta fito daga madafa da akushin nan a hannu ta tsaya a kaina ba. Ta ce, "Malam, na baƙo fa?"

Duk abin da ya kamata in ce na san shi. Na san babu mai zuwa. Na dubi turmin a bakin ɗakin da ba kowa, na ji in aka bar shi haka nan, ni ne na ce babana ya mutu.

Na ce, "Zuba."

Har yau ana zubawa.