Maliki da Shunin da Ya Kewaye Inna Lami

"Wallahi sai an goge shi!" in ji Tsahara.

"A goge mi? Yaya, ki ji tsoron Allah, shaidar Inna ce!" Rahma ƙanwarta ta dafe hoton.

Maliki mai gyaran hoto a unguwar Zariya ya ci gaba da aikinsa. Haka yake kullum: ya share shago, ya goge gilashin kyamara kamar mai wanke jariri, ya zauna gaban na'urarsa har azahar. Masu tuyar ƙosai a ƙofarsa, waɗanda kunnensu bai san hutu ba, su ne shaida.

Hoton na wani suna ne a garin Tsibiri, kuma shi kaɗai ya rage na marigayiya Inna Lami, uwar matan nan. An ɗauke shi da gilashi mai faɗin gani don kowa ya shiga, Inna ta faɗo can gefe. Sai ga shuni ya bi farin mayafinta ta dama, kore ta hagu. Tsibiri ta ɗauki zance: iskokin da ta bari tun da ta tuba daga bori ba su bar ta ba! Tsahara ta kasa shiga biki don kunya. Rahma kuwa har alfahari take.

Maliki ya buɗa hoton a na'ura ya yi girma. "Ku matso. Wanga reshen iccen bedi fa, da ke bayanta?"

Shi ma shuni, shi ma kore.

"To bedi ma ɗan bori ne?"

Ashe haske launuka ne ke tafiya tare. A tsakiyar gilashi su sauka wuri guda, a gefe kuwa su rarrabu, kamar matan ƙauyen Jiratawa in an taso daga kasuwa, wata gaba, wata baya. Ikon Allah! Ya ja wani ɗan maɓalli sannu sannu, shuni ya koma mazauninsa, kore ya bi shi. Mayafi ya fito fari fat, tsagar Gobir na nan a kuncin Inna, ko ɗaya bai taɓa ba.

Kai ne, Maliki, ba ka taɓa mai da baƙar amarya fara ba, ko an roƙe ka. Mai gyara ba ƙari! Yanzu ido ya gaji, ka ce za ka huta bayan salla. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Samarin da ke shafe fuska har uwa ta kasa gane ɗiyarta, ku zo ku koya kafin ya rufe.

Tsahara ta rungume sabon hoton tana hawaye. Maliki ya miƙa wa Rahma na farkon, da shuninsa, don bai share shi ba.

Ta fizge. "Malam, ka kori iskokin daga takarda. Daga gidanmu kuwa, sai ka gwada!"

Ta fice, ta bugo ƙofa, gwaram!