Shekarar da Na Ƙirga Shirun Kaka Hajo

A gidanmu na Tabla, Kaka Hajo ce ke zaɓen zangarniyar geron da za a ajiye iri. Ita ce kuma mai tatsuniya. Ana gama tuwo bayan magariba sai mu kewaye murhunta. Shekarar da na cika goma ta fara tsayawa a tsakiyar labari, ta yi shiru har mu ƙosa, sannan ta ci gaba.

Baffa Ali, ƙanen babana, bai yarda da shirun nan ba. Maƙwabta suka ce iskoki ne, shi ya ce ruɗewa ce, kuma ruɗaɗɗiya ba za ta zaɓar mana iri ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Ke ɗiya, ƙilga mini sau nawa taka tsayawa." Na riƙa tara tsakuwa a zanena, kowane shiru guda, ina jin kaina wata babba.

Ran nan ta ba mu labarin tsohuwar saniya mai jan garke zuwa rijiya. Kullum sai ta tsaya a mararraba, maruƙa suna ta gunaguni. Da suka gaji suka bi gajeriyar hanya, ashe ruwa ya yanke ta, ta zama kwazazzabo. Ita kuwa ta zagaya ta bayan dutse, ta iso da sauran garken lafiya. A nan Kaka ta dubi cinyata ta ce, "Mi kika ɓoyewa, Rabi? Ƙara guda, yanzu ma tsayawa za ni yi." Kunya ta kama ni, amma washegari na kai wa Baffa tsakuwa bakwai. Da aka yi girbi aka hana ta taɓa dami. Tatsuniyar ma daga nan ta bari.

Bara ɗiyata mai karatun likita a Yamai ta nuna min zanen ƙwaƙwalwa a na'urarta, zare-zare ko'ina. Ta ce suna gwada yadda saƙo ke tafiya a cikin kan tsoho: idan wata hanya ta lalace sai ya zagaya ta wata, ya makara amma ya iso. Na tambaye ta ko jinkiri ruɗewa ne. Ta ce ba dole ba.

Har yau ban san abin da ya sami kan Kaka ba. Abin da na sani, duk inda ta tsaya daga nan take ɗorawa, ba ta taɓa ɓata labari ba. Wannan Baffa bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba.