Ashe Ba Baki Ne Ya Kama Lambuna Ba

"Baba, a watan Maris ba za ka iya biyan tankar ruwa ba."

Haka 'yata Hauwa ta ce jiya, bayan ta haɗa min lissafin shigar kuɗi da fitarsu a lambuna.

Tun dawowar gwamnati Abuja daga Legas nake sayar da furanni a Maitama, kuma duk Maris aljihuna bushewa yake. Har rubutu na sha, wai baki ne.

"Ke, wa ya gaya miki?"

"Ba kowa, Baba. Riba kana ci. Amma masu gidajen nan da kake sayar wa furanni sai damina suke biyanka, mai tanka kuwa hannu da hannu ne."

Ikon Allah! Mayen da nake zargi ashe kalanda ce.

Ku fa, wane wata ne ke shaƙe ku?