Hannun Mai Dalma

Wani direba ya kawo gyaran rediyon motarsa, amma yanzu idonsa na kan tsoho mai gyaran. Siriri ne, tabaransa ɗaure da zare, yatsunsa duk tabon ƙuna. A gabansa akwai ƙananan alluna biyu koraye na cikin rediyon, waɗanda girgizar hanya ta raba.

Hannunsa rawa yake. Sukundireba sai kuskure kan noti take kafin ta kama.

"Baba, ba dalma kawai za ka ɗiga ba?" in ji direban.

"Dalma wuta take kaiwa, ɗana, ba ta riƙe nauyi. In ban ɗaure su ba, ramin farko zai sake raba su. Yi mini shiru."

Ya kafa gwiwar hannu a tebur, ya riƙe numfashi. Rawar ta tsaya cak. Dalma ta narke, wayoyin suka kama, rediyo ya soma magana.

Direban yana tunanin bakuna nawa ke ci daga hannun nan, kuma ko sun san halin da yake ciki.

Tsohon ya ɗauki kofin shayinsa da hannu biyu. Rabin shayin ya zube a rigarsa, ko kallo bai yi ba.